Kafin katafila ta iso lungunmu

Juma'a, 10 Disamba 2021

Yau na fara. Da aka sauko daga masallaci na rataya kyamarar da na sayo a kasuwar gwanjo ta Sawarikh, tsohuwar Canon, riyal 450 har da caja da jaka, na fito ƙofar gida na yi tsaye kamar baƙon da ya ɓata hanya. Shekara 34 ina shige da fice ta wannan ƙofa, sai yau na lura fenti uku ne a jikinta: kore can ƙasa, shuɗi a kansa, sannan ruwan tokan da mai gida ya sa aka shafa shekarun baya.

Abin da ya zaburar da ni, rusau ya shiga unguwannin Gulail da Bitrumin a nan Jidda, kuma kullum matsowa yake yi. Larabawa na ce masa hadad. Abokin aikina a shagon gyaran waya, haifaffen Gulail, jiya ya wuni yana laluben wayarsa ko zai sami hoton gidansu guda ɗaya tak. Ga bakin teku, ga tsartuwar ruwan Sarki Fahad da dare, ga bidiyon tseren motocin da aka yi ranar Lahadi wanda wani ya turo masa, har da farantin shinkafar gidan biki. Gidan da aka binne cibiyarsa kuwa babu. To wa ke ɗaukar hoton gidansu? An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da ruwan da zan shafa wa unguwarmu Sabil, kyamara ce kawai.

Na ɗauki 63. Da dare na buɗe su a kwamfuta: bango, bango, tarin wayoyin lantarki, bango. Ba wanda zai kalla ya ce ga Sabil.

Asabar, 18 Disamba

Rana tsaka ba lokacin hoto ba ne a lungunanmu. Saman bango ya yi fari fat, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, tsakaninsu ba komai. Na koma fita bayan asuba. A nan ne unguwa ke nuna fuskarta: layin yara a bakin tanderun gurasar tamis, kowa da riyal a dunƙule a hannu, Ba'afganin yana manna ƙullu a cikin tanderu ba ya ko dubawa, maƙwabcinsa na zura doguwar ludayi cikin tulun ful, wato dafaffen wake. Wayit, wato tankar ruwa, ya tsaya a bakin titi don lungu ya fi ƙarfinsa, an jawo mesa ta ratsa ƙofofi biyar. Na sami huɗu masu kyau. Ya fi sittin na banza.

Juma'a, 31 Disamba

Yau na sha faɗa, kuma na cancanta.

Bayan la'asar na bi ta inda matanmu ke baza haja a gefen bango: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ƙulle cikin leda, man shanu a gorar ruwa, goro a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Haske ya faɗo a kan tiren goron nan, na ɗaga kyamara ban yi sallama ba. Wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya aiko ka?" Kafin na buɗe baki, mata biyu sun fara tattara kaya. Sai da wata ta gane ni ta ce ai ɗan gidan Inna mai fura ne, sannan aka zauna. Dattijuwar ba ta huce ba. Ta ce, "Kai kana da iƙama, takardar zama, a aljihu. Ni shekarata ashirin da ɗaya a nan, takardata ita ce Allah. Ka sa fuskata a waya, gobe na kwana a tarhil ina jiran a mai da ni ƙasa, kai za ka ciyar da marayun da na baro a Damagaram?"

Na ba ta haƙuri, na goge a gabanta. Na daɗe da sanin wannan tsoron, a cikinsa na girma, amma kyamara na sa mutum ya manta abin da ya sani. Daga yau ba fuskar kowa sai da izininsa, kuma ko ya yarda ba za ta hau intanet ba. Da na tashi tafiya ta kira ni, ta ce in dai hannu ne, ɗauki. Ta tsoma hannu cikin goron tana juya shi, lalle ya ci tafin har ya koma baƙi, zoben azurfa ɗaya ya nutse cikin yatsa. Shi ne hoto mafi kyau da na ɗauka tun da na fara. Na sayi goro na riyal goma, ni da ba na ci.

Juma'a, 14 Janairu 2022

Dare biyu ina zaune wurin Baba mai tsire. Ya ce fuskarsa ma a ɗauka, ai duk Jidda ta kudu ta san ta.

A nan Saudiyya "siriya" ake ce wa tsire, kuma da yawa daga Larabawan da ke ajiye manyan motoci a bakin titi su shigo lungu a ƙafa sun ɗauka abincin Hijaz ne tun fil'azal. Sunan ma bai yi nisa da gida ba, harshe ne ya lanƙwasa shi. Baba yana yanka naman falan-falan kamar takarda, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya danna da tafin hannu, ya tsire, ya jera kewaye da garwashi ba a kansa ba. Ya ce wuta ba ta gasa tsire, hucinta ke gasawa. Wanda ya ɗora a kan wuta gaggawa yake yi, ba sana'a ba. Da Balarabe zai ce "ya ammi, zayyid shatta", da ni kuma "kai yaro, matsa ka tare mini iska", duk a numfashi ɗaya.

Hoton dare da wuya. Fitilar kyamara na kashe garwashin, ta mai da hayaƙi farin gajimare. Na kashe ta, na dafa gwiwar hannu a kan bencinsa, na riƙe numfashi. Cikin arba'in, uku ba su girgiza ba.

A filin bayan shagonsa yara na buga ƙwallo ƙarƙashin fitilar titi, rabi da rigar Ittihad mai ruwan ɗorawa da baƙi, rabi da koriyar Ahli, mai tsaron gida ba takalmi. Kowane mai tsaron baya a cikinsu cewa yake shi ne Usama Hausawi, wanda ya riƙe kyaftin na ƙasar nan a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sunan na bayan rigar ƙasa, harshen kuma yana nan cikin lungu, a bakin kakanni. Yaran da kansu Larabci suke yi, sai zagi ya zo su koma Hausa.

Na tambayi Baba ina za shi in an zo. Ya juya tsinke ya ce, "Garwashi ai ba ya da sakk," wato takardar mallaka.

Talata, 25 Janairu

An rubuta. Da jan fenti, a bangon bakala, wato kantin Bayamane, da na gidanmu, da duk layin har masallaci: ikhla. A tashi ke nan. Fentin ya zuba daga ƙasan harafin ƙarshe ya gangaro har kan mitar wuta. Na ɗauka sau ɗaya, na shiga gida.

Juma'a, 4 Fabrairu

Ni namiji ne, iyakata zaure. Rabin unguwar nan kuwa a cikin gidaje take. Saboda haka na ba ƙanwata kyamara na nuna mata inda ake dannawa, ta ce, "Yaya, ai na fi ka iyawa." Kuma da gaskiyarta. Kwana uku ta dawo mini da abin da ban taɓa gani ba duk zamana a nan: jeren kwalla da fanteka a ɗakin wata tsohuwa, an goge su suna ƙyalli kamar ɗakin amarya a Kano, turmi da aka ɗaure tsagarsa da waya, allunan yara jingine a bayan firji, tukunyar tuwon suna a kan murhun gas a saman soro, ga dish-dish na talabijin sun kewaye ta.

Ita ce kuma ta sa Inna ta buɗe adakar da ke ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe cikin ɗankwali, takardar tafiyar kakanmu ta zamanin Turawa, ta yi laushi kamar tsumma, da tambarin Sawakin a shafin ƙarshe. Labarin mun sha jinsa, amma yau na rubuta shi daga bakinta: daga ƙasar Kano zuwa Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, sai Abeche, Junaina, Fashir, Ubayyid. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago. Shekara uku suka yi suna tsinkar auduga a Jazira kafin kuɗin jirgin ruwa ya haɗu. Shekara shida tsakanin fita gida da ganin Ka'aba. Ta ce ya iske Jidda ba a daɗe da rushe ganuwarta ba, kuma an rushe ta ne a 1947. Irinsu ba cikin gari suke sauka ba, a bayansa suke kafa bukka, da kara da gwangwani, daga baya a sa bulo ɗaki ɗaya, in an haihu a ƙara wani. Haka lungunan nan suka karkace. Sunayen unguwannin ma tarihi ne: Karantina daga wurin killace alhazai, Bitrumin daga matatar mai.

Hukuma na kiransu ashwa'iyyat, waɗanda aka gina ba tsari, ta ce matattarar ƙwaya da laifi ne, motar asibiti da ta kashe gobara ba sa iya shiga. Ba zan ce ƙarya ba ne. Na ga gobarar da aka kashe da bokiti a layinmu, na san kwatar da ba ta taɓa bushewa ba, na san kwanar da ba a bi bayan sha biyun dare. Duk na ɗauke su, don ba na son in haɗa wa jikokina Sabil ta ƙarya. Amma a wannan kwanar dai aka yi mini kaciya, aka raba waina.

Asabar, 12 Fabrairu

Mako guda ba hoto. Neman gida. Diyya ta masu takardar mallaka ce, sakk, mu 'yan haya namu tattara kaya. Kowa ya fito nema lokaci ɗaya, masu gidaje kuma sun ji ƙanshi: ɗakunan da aka ce mini dubu goma sha takwas a shekara ranar Lahadi, ranar Laraba sun zama ashirin da biyar, kuma a biya wata shida a dunƙule.

Ga wata asarar. Katin memorin da na haɗa da kyamarar ashe jabu ne, ya ƙi buɗewa. Ni mai gyaran wayar mutane, ban kwafe na kwana tara ba. Na ceto mafi yawa, amma na makarantar allo da daddare sun tafi, malam kuwa ya riga ya sallami yara. Yanzu kowane dare sai na zuba a kwamfuta da filash biyu kafin na kwanta.

Talata, 22 Fabrairu

Hutu ne yau, karon farko da ake bikin ranar kafuwar daula. Can arewacin gari ana ado da tufafin gargajiya. Nan kuwa guduma ce ke tashi tun safe, mutane na cire abin da zai ciru kafin katafila ta zo: ƙofofi, tagogin alminiyam, na'urar sanyaya ɗaki, tankin ruwa, har wayar cikin bango. Masu sayen sikirab na zagayawa da 'yar motar kaya, dabbab, suna taya ƙofar ƙarfe kamar kuɗin tamis. Gidajen da aka cire wa tagogi sun zama kamar fuskar da ba ido. Ta nan na ga cikin ɗakunan da ban taɓa shiga ba: bango ruwan hoda, kalandar bara, zanen tsawon yaro da biro daga gwiwa har kafaɗa.

Aikin ya sauya a hannuna ban shirya ba. Duk wanda na ɗauki ƙofarsa sai ya ce in turo masa, sai in karɓi lamba, sai in tambaya ina za a koma. Na sayi littafi. Kowane shafi gida ɗaya: lambar hoto, sunan da muke kiran gidan da shi, inda suka nufa. Harazat, Bahra, Khumra, wasu Makka wurin dangi. Gida huɗu sun ce sun gaji, za su miƙa kansu a mai da su ƙasa, biyu Kano, ɗaya Maraɗi, ɗaya Damagaram. A cikinsu akwai saurayin da bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa ma da ƙyar, yana tambayata wai da gaske ne ana ɗauke wuta kullum.

Shafi 41 zuwa yau.

Alhamis, 3 Maris

Mun tashi.

An yanke wuta tun shekaranjiya, mun kwana biyu da fitilar waya. Motar kaya, dina, ta zo bayan asuba, ta tsaya bakin titi inda wayit ke tsayawa, muka yi ta jido a ka. Kayan shekara hamsin ba su cika mota ɗaya ba, wannan ya ba ni mamaki. Turmi Inna ta ce a gaba za a sa shi, kusa da ita.

Da aka gama lodi sai ta ce a jira ta. Ta ɗauki sandarta ta bi layin gida-gida, waɗanda suka saura. Na bi ta a baya da kyamara a wuya. A kowace ƙofa magana ɗaya: "Zama ya ƙare. Abin da na yi muku, na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini." A amsa, "Ba ki yi mana komai ba sai alheri, Hajiya, mu ma ki yafe mana. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri." Har bakalar Bayamane ta shiga, ta ce ya duba littafin bashi. Ya ce, "Khalas ya khala, musamaha," wato ya yafe, ta ce ba ta san wannan ba, ta kwance bakin mayafi ta ƙirga masa riyal 37.

Sai gidan da ke kallon namu. Shekara goma sha ɗaya Inna ba ta magana da matar gidan, a kan ruwan wanki da ke gangarowa ƙofarmu. Mun girma muna gaishe ta a ɓoye. Inna ta tsaya, ta yi sallama sau biyu. Matar ta fito da tsintsiya a hannu, gidan da za a rushe jibi take sharewa. Suka kalli juna. Inna ta ce, "To, ga kwatar nan na bar miki, duka." Matar ta yi dariya, dariyar ta karye, ta saki tsintsiyar ta riƙe Inna, su biyu suna kuka a tsakiyar ruwan wankin.

Kyamara na wuyana, haske ya yi daidai, ba abin da ya tare ni. Ban ɗaga ta ba. Har yanzu ina juya abin a raina, rabin zuciyata na cewa na yi wauta.

Na kulle ƙofa don sabo, na sa makullin a aljihu. Mai sikirab na tsaye yana jira mu wuce.

Asabar, 19 Maris

Na koma. Na sauka daidai inda na saba sauka, na rasa ta inda zan shiga, don babu lungun da za a shiga. Fili ne fetal, tarin bulo da rodi, ƙura har cikin haƙori. Daga bakin titi ina hango gine-ginen Balad, tsohon garin Jidda, da ban taɓa sanin ana ganinsu daga nan ba. Unguwar da nake ɗauka minti goma sha biyar in ratsa ta, ashe ba ta fi a taka a minti huɗu ba. Kwane-kwane ne suka ba ta girma.

Masallacinmu na tsaye shi kaɗai. Da shi na yi awo: taku sittin daga ƙofar alwala, a karkata dama. Na sami fale-falen tayil ruwan ƙasa da na tabbata na zaurenmu ne, ko na maƙwabta, don tare aka saya. Kyanwoyi sun fi goma suna zaune a kan tarin, sun rame, suna kallon inda kwandon shara yake a da. Wani mai gadi ya ɗaga mini hannu daga nesa alamar in bar wurin. Na ɗauki bakwai na tafi.

Asabar, 9 Afrilu, 8 ga Ramadan

An dakatar da rusau saboda azumi. Sabon gidanmu hawa na uku ne, can gabas, Inna ba ta sauka sai dole. Da magariba ba mai ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon kunu. Mun sayi sobiya da sambusa a titi kamar kowa.

Bayan tarawihi nake tacewa. Jimla 2,140, na ware 300, na buɗe zauren WhatsApp da lambobin littafin nan, ina sakawa goma-goma, ba fuska. Na zaci hoton hannun mai goro ko garwashin Baba ne za su tashi mutane. Ina! Wanda aka fi magana a kansa wani ne daga ranar farko, cikin 63 ɗin da na kusa gogewa: bango, mitar wuta, tarin wayoyi, rabin wata taga. Mutum tara suka yi ta gardama a kansa har sahur. Wannan ya ce tagar ɗakin da aka haife shi ce, wancan ya ce ƙarya ne, ga ƙusar da uwarsa ke ɗaura igiyar shanya. Wata ta turo murya daga Kano tana cewa a matso mata da kusurwar hagu, akwai lambar wayar mai gas da mijinta marigayi ya rubuta da gawayi. Na matso. Tana nan, lamba biyu sun goge.

Na mayar da duk na ranar farko cikin waɗanda za a ajiye.

Laraba, 4 Mayu, kwana uku da salla

Na wanke 120 a situdiyo, na sa a albam biyu. Jiya muka kai ɗaya Bahra, inda Baba mai tsire ya kafa garwashinsa a gefen wani gareji. Ya ce ciniki ya ragu, amma tsofaffin kwastomomi sun fara gano shi. Ya daɗe yana kallon hotonsa, sannan ya ce na sa shi ya tsufa.

Ɗayan na Inna ne. Ta sa tabarau ta bi shi shafi-shafi, tana kiran kowane gida da sunansa, tana gyara mini inda na rubuta ba daidai ba. Gida uku na haɗa wa suna, ɗaya kuma na ba shi mutanen da suka tashi tun kafin ambaliyar 2009. Da ta kai ƙarshe ta koma farko, ta sake bi, ta ce, "Ina gidan maƙwabciyata?" Na nuna mata ƙofar. Ta ce ba ƙofa take nufi ba, kwatar. Na duba duk 2,140, na ɗauki kwatar bayan masallaci da ta bakin bakala, tamu ban ɗauka ba ko sau ɗaya.

Shafi 17 na littafin, na gidan maƙwabciyar, ba lamba, matar ba ta riƙe waya, an dai ce ɗanta ya kai ta Makka wajen Shari' Mansur. Inna ta ce ranar Juma'a in nemo mota.